Ƙarin Giyar Keke: Lissafin Da Ya Kamata A Yi Kafin A Je Wurin Mai Gyara

Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, na jingine motata na sayi keken gwanjo, irin mai kaurin taya da giya barkatai. Tsakanin gidana da jami'ar da nake koyarwa kilomita 9 ne, hanya shimfiɗaɗɗiya, ba tudu ba gangare. Ban yi wata guda ba na fara ƙorafin da nake ji a bakin ɗalibaina: ka sa giyar ƙarshe, ƙafa na ta juyi, amma keken ya ƙi ƙara gudu.

Dalilin yana cikin asalin keken. An ƙirƙiro shi a shekarun 1970 a gundumar Marin ta jihar Kalifoniya a Amurka, inda matasa irin su Gary Fisher da Joe Breeze ke tsere a kan hanyoyin dutsen Tamalpais. An tsara giyarsa domin hawan tudu, mu kuwa muka kawo shi kan kwalta.

Mai karatu, lissafin ba shi da wuya. Faifan gaba mafi girma a kekena haƙora 42 gare shi, ƙaramin na baya kuma 14. Ke nan duk juyin feda ɗaya, tayar baya za ta juya sau uku. Kewayen taya mai inci 26 kimanin mita 2.1 ne, wato mita 6.3 a kowane juyi. Wanda ke juya feda sau 80 a minti zai yi gudun kilomita 30 a awa. In aka sa faifai mai haƙora 48, gudun zai kusanci kilomita 35.

Da wannan lissafi na je wurin wani dattijo mai gyaran keke a unguwarmu. Ya saurare ni tsaf, sannan ya ce, "Malam, faifan zan iya sa maka, amma ƙafar da za ta juya shi ba na sayarwa." Na yi dariya, na ce ya sa. Sai da aka ƙara tsawon kaca, aka kuma ɗaga ƙarfen da ke sauya mata faifai, kuɗin ya zarce abin da na ƙiyasta.

Abin da na manta, duk da karatuna, shi ne iska. Ƙarfin da mahayi ke kashewa wajen keta iska yana hauhawa fiye da yadda gudu ke ƙaruwa. In ka ninka gudunka biyu, sai ka ninka wannan ƙarfi takwas. Daga kilomita 30 zuwa 35 kawai, ana bukatar ƙarin fiye da rabin abin da ake kashewa a da. Da hunturu ya shigo, iska na dukan ƙirjina, na koma taka feda da kyar, kamar mai daka. Bayan mako uku gwiwata ta dama ta fara ciwo, har tsayuwa a gaban aji ta zama aiki. Ko da ma na iya riƙe sabon gudun daga gida har makaranta, ribar ba ta kai minti biyu da rabi ba, kuma mahaɗar hanya ɗaya mai cunkoson adaidaita-sahu ta isa ta cinye ta.

Na koma wurin dattijon. Bai ce mini komai ba, sai ya nuna tayoyina masu manyan ƙuraje, waɗanda aka yi domin laka da tsakuwa. Muka sauya su da masu santsi a tsakiya, matsakaitan kauri, domin siririyar taya ba ta jure ramuka da yashin gefen titinmu. Ya cika musu iska daidai ƙa'idar da ke rubuce a jikinsu, ya wanke kaca ya sa mata mai, ya ɗaga sirdi. Saukin da na samu daga waɗannan ya fi na sabon faifan nesa ba kusa ba, gwiwar ma ta lafa.

Ba ina cewa sauya giya haramun ba ne. Matashi mai ƙarfi, wanda ke juya feda sau 90 ko fiye a giyar ƙarshe har ƙafarsa ta rasa abin takawa, yana da hujjar yin sa. Sai dai ya fara ƙirga juyin fedarsa na minti guda da agogo, ya tabbatar babban faifan ba zai gogi jikin keken ba, ya kuma duba birkinsa, domin nisan da keke ke ci kafin ya tsaya a gudun 35 ya fi na 30 da kusan kashi ɗaya bisa uku. A titunan da ba a ware wa mai keke hanya ba, wannan tazara ce tsakanin isa gida da kwanciya a asibiti.

Ga ɗalibi ko ma'aikacin da tsadar sufuri ta mayar kan keke, shawarata ita ce ya fara da taya, iska da birki. In kuɗi ya ragu, ya sayi fitila da hular kwano. Allah Ya kai mu gidajenmu lafiya.