Jinya a Damargu da Jinya a Ƙasashen Duniya: Aljihun Wa Ake Taɓawa?

A watan Agustan 2024 gwamnatin Janar Abdourahamane Tiani ta Nijar ta rage kuɗin ganin likita, da na gwaje-gwaje, da na kwanciya a asibitocin gwamnati da rabi, daga ranar 1 ga Satumba. Haihuwa ta zama kyauta, aka kuma soke jikka 150 da masu ciwon ƙoda ke biya kafin a fara yi musu wankin ƙoda. Jama'a sun yi murna, kuma sun yi gaskiya. Sai dai magidancin Tarka ko na Tenhiya a Damargu yana da tambayar da dokar ba ta amsa ba: kuɗin kai marar lafiyar bakin asibitin fa?

In aka jera farashi kawai, Nijar za ta fito cikin ƙasashe mafi arahar magani a duniya. A Faransa, tun Disambar 2024, ganin likita sau ɗaya yuro 30 ne, kusan jikka ashirin ke nan. A Amurka, abin da aka kashe kan lafiya a 2023 ya haura dalar Amurka 14,000 a kan kowane mutum, alhali na Nijar bai kai 50 ba. Amma Bafaranshen da ya biya yuro 30, asusun inshorar ƙasa yana ɗauke masa kashi 70 cikin 100, mafi yawan sauran kuma wani asusun haɗin gwiwa ne ke cikawa. Shi ya sa abin da Faransawa ke fitarwa daga aljihunsu bai wuce kashi 10 cikin 100 na duk kuɗin lafiyar ƙasar ba. A Nijar ya haura kashi ɗaya cikin uku. A Najeriya ya wuce kashi 70. Wannan shi ne ma'aunin da ya dace a duba, domin shi ke nuna wanda nauyin ke faɗa wa ranar da ciwo ya zo.

Yawan kuɗi ma ba shi ke nan ba. Faransa tana kashe kimanin rabin abin da Amurka ke kashewa kan kowane mutum, amma Faransawa sun fi Amurkawa tsawon rai da shekaru. Tsadar magunguna da ɗawainiyar kamfanonin inshora suna lashe kaso mai yawa a Amurka.

Mu dawo gida. Tsakanin Tanut da Damagaram akwai tafiyar kilomita kimanin 150 a kan hanyar Agadas, kuma wanda ke zangon makiyaya a arewa sai ya yi wata tafiyar kafin ya ga kwalta. A ce mace ta shiga doguwar naƙuda, ungozoma ta yi iya ƙoƙarinta. Za a shimfiɗa mata tabarma a amalanke zuwa ƙaramin gidan likita na ƙauye, daga nan zuwa cibiyar da ake kira CSI. In malamin asibiti ya ce sai an yi aiki, sai asibitin gunduma, wani lokaci har Damagaram. Aikin fitar da jaririn kyauta ne tun 2005. Amma sau da yawa man motar ɗaukar marasa lafiya yana kan dangi. Masu jinya biyu ko uku za su biyo ta da tukunya da buta da garin gero, su kwana a harabar asibiti, su ci, su kuma koma gida da kuɗin mota. In maganin da ake bukata ya ƙare, a rubuta takarda a ce a je a sayo a gari. Kafin a kai ga wannan duka, maigida ya ja rago zuwa kasuwa, dillali ya dubi fuskarsa ya san a matse yake, farashi ya faɗi tun ba a fara ciniki ba. Wannan faɗuwar ita ma kuɗin jinya ce, ko da babu rasit ɗin da ya ɗauke ta.

Ga kuma rashin dacewar lokaci. Zazzaɓin cizon sauro da tamowa sun fi kama yara daga tsakiyar damina zuwa ƙarshenta, daidai lokacin da rumbu ya yi ƙasa, sabon gero bai nuna ba, kuma kowane hannu ana bukatarsa a gona.

Akwai wani ɓangaren da ƙididdiga ba ta gani sam, wato kula da tsofaffi da naƙasassu. Jamus ta kafa inshora ta musamman don wannan a 1995, Japan ta bi a 2000. A Ingila, inda asibiti kyauta ne, tsohon da dukiyarsa ta wuce fam 23,250 shi ke biyan kuɗin gidan kula da tsofaffi, har wasu kan sayar da gidajensu. A Damargu takarda za ta nuna ba a kashe ko sisi. Gaskiyar ita ce matar ɗa ce ke juya tsohuwar da shanyewar ɓarin jiki ta kwantar, ta wanke ta, ta dama mata kunu, ta bar sana'arta. Ko a ciro jika daga makaranta ta zauna da ita. Al'ada ce mai daraja, ina kuma fatan ta ɗore. Amma da yake samari suna ƙara fita cirani zuwa Aljeriya da Libiya, hannuwan da ke ɗaukar nauyin suna raguwa, kuma kusan dukansu na mata ne.

Nijar ta riga ta gwada hanyoyi biyu. Bayan shirin Bamako na 1987, ƙasar ta kafa dokar biyan kuɗin magani a 1995, don cibiyoyi su riƙa sayen magani da abin da suka tara. Magani ya samu, amma talaka ya riƙa jinkirta zuwa sai ciwo ya ci ƙarfinsa. A zamanin Tandja Mamadou aka gina ƙananan gidajen likita a ƙauyuka, aka kuma mai da maganin yara 'yan ƙasa da shekara biyar da awon ciki kyauta a 2006. Binciken da mujallar Lancet ta buga a 2012 ya nuna mutuwar yara ta sauko daga 226 cikin 1,000 a 1998 zuwa 128 a 2009, sakamakon wannan tare da gidan sauro da yaƙi da tamowa. Matsalar da ta biyo baya sananniya ce: gwamnati ta riƙa jinkirin biyan cibiyoyin kuɗin aikin da suka yi kyauta, bashi ya taru, ɗakunan magani suka bushe. Alkawarin Abuja na 2001, na ware kashi 15 cikin 100 na kasafi ga lafiya, har yau Nijar da Najeriya ba su cika shi ba.

Ƙasashen da suka sauƙaƙa wa talakansu duk abu ɗaya suka yi: tara kuɗi tun ana lafiya, kamar adashen da ake kwashewa ranar ciwo. Ingila ta dogara da haraji tun 1948. Ghana ta ɗora kashi 2.5 cikin 100 a kan harajin kayan saye a 2003. Ruwanda ta riƙa karɓar faran 3,000 na ƙasarta a shekara daga mafi yawan mutane, gwamnati ta biya wa marasa ƙarfi. A Nijar ma an gwada ƙara sefa 100 a kan kuɗin ganin likita a wasu gundumomi, don a zuba wa motar asibiti mai.

A ganina, kowane tsari aka zaɓa wa Damargu, sai ya yi la'akari da cewa manomi da makiyayi ba su da albashin wata. A karɓi kason manomi da kaka, na makiyayi kuma lokacin da dabba ke da daraja. Asusun ya haɗa da kuɗin kai marar lafiya asibitin gaba. Katin da Bafulatani ko Buzu ya yanka a Belbeji kuma ya yi masa aiki a Adarbisanat ko Dakoro, duk inda kiwo ya kai shi.