Gumin Daɓen Gareji: Daga Iska Ne Ko Daga Ƙasa?

Masu gidaje da yawa, idan suka tarar daɓen gareji ya jiƙe a Yuli ko Agusta alhali rufi ba ya yoyo, sukan yanke hukuncin cewa magini ya rage siminti. Sau da yawa zargin yana faɗawa kan wanda bai ji ba bai gani ba, domin ruwan daga iska yake sauka.

Iska tana ɗauke da tururin ruwa, kuma akwai matakin sanyin da idan ta kai shi tururin yake komawa ɗigo, wanda ake kira matakin raɓa. Iska mai zafin digiri 30 a ma'aunin Salshiyas da danshi kashi 80 cikin 100 tana sauke raɓa a kan duk abin da zafinsa bai kai kimanin digiri 26 ba, kamar yadda kwalbar ruwan sanyi take jiƙewa ta waje. Da yake kankare yana manne da ƙasa kuma ba ya saurin ɗumama, yakan riƙe sanyin dare har iskar hantsi ta tarar da shi.

Masu cewa danshi yana tasowa daga ƙasa suna da gaskiyarsu, musamman inda ba a shimfiɗa leda mai kauri kafin zuba kankare ba, kuma farin gari mai kama da gishiri a kan daɓen alamarsa ce. Ana rarrabewa ta hanyar liƙe leda mai faɗin santimita 45 kowane gefe a kan busasshen daɓe na aƙalla awa 16: ɗigo a samanta daga iska yake, jiƙewa a ƙarƙashinta daga cikin kankaren take.

Cewa fenti yana maganin gumin ba gaskiya ba ne, domin fenti ba ya ɗumama daɓe, sai dai ya ƙara santsi, in kuwa danshin na ƙasa ne ya ɓamɓare. Buɗe ƙofa ma yana taimakawa ne kawai idan iskar waje ta fi ta ciki bushewa. Bayan ruwan sama ƙara jiƙa wurin yake yi. Raɓa tana buƙatar fanka da ke kaɗa iska a kan daɓen ko na'urar tsotse danshi, danshin ƙasa kuwa sai an gyara magudanar ruwa ta kewayen ginin. Fasa daɓe ko sayen fenti kafin gwajin leda asarar kuɗi ce.