In Za A Sake Injin Mota, A Dubi Sarƙar Taimin

Hanyar da ta tashi daga Kaduna ta bi ta Buruku da Udawa ta shiga Birnin Gwari ta fi mil 70, kuma galibinta daji ne. Kusa da garin ga dajin Kamuku, wanda aka keɓe tun 1936 a hannun En'e ta Birnin Gwari, aka mai da shi gandun daji na Gwamnatin Tarayya cikin 1999. Shekaru da dama 'yan fashin daji sun addabi masu bin wannan hanya, har aka yi sulhu a ƙarshen 2024, aka buɗe kasuwar shanu ta garin. Ko da sulhu ko babu, direban da ya san hanyar ba ya so motarsa ta mutu a tsakiyarta bayan la'asar. Shi ya sa mu ke so mu yi wa malaman makaranta da akawuna magana a kan wani ƙaramin ƙarfe da a ke mantawa da shi.

Yawancin ma'aikata tsohuwar mota su ke saye. In inji ya gaji, ya soma hayaƙi yana shan baƙin mai, hanya biyu ce. Ko a sauke shi a sake masa zobe da sauran kayan ciki, ko kuwa a tafi Panteka a Kaduna a sayo injin gwanjo, wanda a ke ce wa ɗan Beljiyam. Ko wacce aka bi, akwai ranar da inji zai kasance a ƙasa gaban bakanike. To, ran nan ce ranar duban sarƙar taimin, don in ya koma cikin mota, a kai gare ta sai an cire tarkace da yawa, a biya kuɗin aiki sau biyu.

Ga aikinta. A cikin inji akwai sanduna biyu masu juyawa. Ta ƙasa, watau kuranshaf, fistoci ne ke juya ta. Ɗayar kuwa, kamshaf, ita ke buɗe bawul ta rufe, don iska da mai su shiga, hayaƙi ya fita. Sarƙar ce ta haɗa su, kuma lalle ta ƙasa ta kewaya sau 2 kafin ɗayar ta kewaya sau 1, ba ƙari ba ragi. In sarƙa ta tsallake haƙori ɗaya, mota ta rasa ƙarfi ke nan. In ta tsallake da yawa ko ta tsinke, a injuna da dama na zamani fistan zai hau ya buge bawul a buɗe ya lanƙwasa shi. Wannan ba gyaran bakin hanya ba ne, sai an jawo motar.

Mutane kan ce sarƙa ta miƙe. Gaskiyar magana ba miƙewa ta ke yi kamar roba ba. Ƙusoshin da su ka haɗa gaɓoɓinta ne ke cinyewa kaɗan kaɗan, sai tsawonta ya ƙaru. Tana cinyewa tana cin haƙoran faifan da ta ke hawa, har bakinsu ya yi tsini. Duk mai babur ko keke ya san wannan. In aka ɗora sabuwar sarƙa bisa tsofaffin haƙora, ba za ta zauna daidai ba, kuma ba da jimawa ba za ta bi sawun ta dā. Saboda haka kayan nan tare su ke tafiya: sarƙa, da faya-fayan haƙora, da tenshina mai ɗaure ta, da 'yan sandunan roba da ta ke gogawa a jikinsu, da silin mai na gaban inji. Mai mota kan ga an kawo masa lissafin abu biyar alhali ɗaya ya yi tsammani, sai ya ɗauka bakanike na neman cutarsa. Wani lokaci haka ne, amma a nan bakaniken ya fi shi gaskiya.

Sandunan roban nan kada a raina su. Injin Toyota 22R, na tsofaffin Hilux, ya yi suna wajen juriya, amma an san shi da cewa in robar ta karye sarƙa kan yi ta gugar murfin gaba har ta huda shi, ruwan lagireto ya gauraya da baƙin mai. Gutsattsarin robar kuma kan faɗa cikin tukunyar mai ta ƙasa ya toshe rariyar famfo. Don haka in an ga roba ta karye, a kwance tukunyar a wanke.

Ba kowace mota ke da sarƙa ba. Fijo 504 mai fetur, wadda aka soma harhaɗawa a Kaduna cikin 1975, sarƙa gare ta, haka kuma Corolla mai inji 1ZZ. Amma yawancin Golf 3 da ke jigilar fasinja bel gare su na roba, wanda a ke sakewa bisa adadin tafiya ko da bai nuna alamar kome ba. Wanda zai ɗora wa motarsa inji dabam da nata na asali, sai ya tambayi lambar sabon injin, ya sayi kaya da ita, ba da sunan motar ba.

Wanda bai kai ga sake inji ba kuwa, ya kasa kunne da safe. In an tayar da mota aka ji ƙaras-ƙaras daga gaban inji na ɗan lokaci sa'an nan ya ɗauke, sarƙa ce ke kaɗawa kafin mai ya cika tenshina, don da ƙarfin baƙin mai ta ke aiki. Mai ya yi kauri da datti, ko ya ragu, tenshina ta saki. Ƙurar rani a hanyar Funtuwa da ta ƙauyuka irin su Dogon Dawa da Randagi tana saurin ɓata mai, ya kamata a riƙa juye shi kafin lokacin da mazaunin birni zai juye nasa.

Ran ɗaura sarƙa, muna ba mai mota shawara ya tsaya da kansa. A nuna masa alamomin da ke jikin faya-fayan sun yi daidai da na jikin inji, a kuma juya injin da sifana kewaye biyu cikakku, a ji bai cije ba, kafin a sa makulli. Tsofaffin kayan da aka cire kuma ya ce a ba shi su a hannu.