Buhun taki da miƙaƙƙen layi

Ɗiyar yayana ta zo hutu Ƙaraye da kaka, fuskarta ba walwala. Ta shiga jami'a ne don ta karanci halayyar ɗan Adam, ta san abin da ke sa yaro ya tsani makaranta ko mai jego ta kasa barci, sai ga shi an tare ta da darasin ƙididdiga. Ta ce, "Baffa, ni fa mutane na je karanta, me ya haɗa ni da layi da ɗige-ɗige?" Na ce ta ɗauko mayafinta ta raka ni Rogo wurin wani aminina manomi, don ranar ake auna masararsa.

Duk manomin da ya shekara goma yana zuba kamfa da yuriya yana da wannan layin a kansa, ko bai taɓa riƙe biro ba. Ya san abin da gonarsa za ta ba shi ko bai sa mata ƙwayar taki ba, a ce buhu 4. Daga nan layin yake tashi. Ya kuma san abin da kowane buhun taki ke ƙara masa, a ce buhu 3 na masara. Wannan shi ne hawan layin. In ya zuba biyu yana sa ran 10, in uku ne 13. Abin da ake rubuta mata a allo da baƙaƙen Girkanci bai wuce wannan ba. Manomin ma ya san inda layin ke ƙarewa, don taki in ya yi yawa ƙona shuka yake yi.

Sai dai da wuya shekara ta faɗa daidai kan layin. Ruwa ya ɗauke masara na goyo, ko ƙuduji ya taso, ko tsutsar nan mai cin tsakiyar shuka da ta ɓulla a ƙasar nan a 2016. Tazarar da ke tsakanin abin da aka zata da abin da aka auna ita ce saura. Bafaranshe Legendre ne ya fara wallafa dabarar a 1805: a ninka kowace tazara da kanta, a tara, layin da jimillarsa ta fi ƙanƙanta shi za a ɗauka. Kamar igiyar magini ce, ba ta bin kowane tubali, amma da ita ake gane wanda ya goce.

Abin da ya fi ba ta mamaki shi ne wani babban ɓangare na wannan ilimin a gona ya girma. A 1919 aka ɗauki Ronald Fisher aiki a tashar binciken noma ta Rothamsted a Ingila, aka tula masa bayanan alkamar da ake nomawa a fili ɗaya tun 1843, don ya rabe aikin taki da aikin yanayi. Daga can masana halayya suka aro kayan aikin.

A hanya mun yi zancen madatsar Challawa, wadda aka gama a 1992. Wanda gonarsa ke kusa da ruwa yana noman rani, ya sami kuɗin taki, ƙasarsa kuma da ma ta fi danshi. In ka ga rumbunsa ya cika ka ce takin ne kaɗai, ka ba taki ladan da ba nasa ba. Haka in ta tara bayanan 'yan firamare ta ga masu yawan bita sun fi cin jarrabawa. Wataƙila su ne masu fitila a gida, masu karyawa da safe, waɗanda ba a ɗora wa talla. In ba ta sa waɗannan cikin lissafi ba, za ta ɗora wa yaro laifin lalaci alhali yunwa ce. Maganin Fisher shi ne ƙuri'a: ita za ta zaɓi fegin da zai sami taki, ba son ran mai gwaji ba.

Akwai wani ɓangare da nake so ta riƙe fiye da kowanne. A 1886 Francis Galton ya auna tsayin iyaye da 'ya'yansu, ya ga 'ya'yan dogaye sosai dogaye ne, amma galibi ba su kai iyayen ba, sun ɗan komo tsakiya. Manomi ya san wannan. Bayan shekarar da ta fi kowace muni, mai bi mata takan fi ta, ko an sauya iri ko ba a sauya ba. To a kai shi aji. Yaro ya yi mummunar faɗuwa, aka zane shi, mako mai zuwa ya ɗan gyara. Wani ya yi zarra, aka yaba masa, sai ya ɗan sauko. Malam ya kammala cewa bulala na aiki, yabo na ɓata yaro. Daniel Kahneman, masanin halayyar da ya sami kyautar Nobel a 2002, ya tarar da irin wannan kuskuren wurin masu koyar da tuƙin jirgin yaƙi. Yara da yawa sun sha duka saboda manya ba su gane wannan ba, kuma raina na ɓaci duk lokacin da na tuna.

Shi ya sa ba na son al'adar nan ta kwasar takardun tambayoyi a kai shagon kwamfuta, a biya mai manhajar ƙididdiga ta SPSS ya fitar da babi na huɗu na kundin bincike. Ɗalibin da ya yi haka ya ba da gonarsa haya, bai ma san inda iyakarta take ba.

Da muka isa, aminina ya ce buhu 13 ya sa rai, 11 aka ɗinke. Ta gaishe shi, ta ce, "Baba, ina biyun suka tafi?" Ya ajiye mudun da ke hannunsa, ya ja mu zuwa kusurwar gabas inda ruwa ya kwanta a watan Agusta. Ta fito da littafinta ta fara tambayarsa na bara da na bara waccan.