Gargaza a cikin gilashi: abin da ya kamata a sani kafin a kawo kifi gida

Daga Galma Kudawace zuwa Madawa, Buza da Keita, kifi ba baƙo ba ne duk da yankin Adar ya fi suna da duwatsu da albasa. Tun da aka soma babban aikin raya karkara na Keita a shekarar 1984, da tallafin ƙasar Italiya da hukumar FAO, madatsun ruwa suka yawaita a cikin kwaruruka, aka kuma riƙa zuba ƴaƴan kifi a tabkunan da ke riƙe ruwa. A cikin jihar Tawa akwai tabkin Tabalak da na Dan Dutsi, waɗanda aka sanya cikin jerin wuraren ruwa masu muhimmanci na yarjejeniyar Ramsar a 2005, kuma masunta na cin abinci da su. Sai dai ganin kifi a kasko daban, riƙe shi da rai a ɗaki daban. Wanda ya ga akwatin gilashi da kifi na iyo a wani otel na Yamai ko Kano, ya dawo ya sa mai yankan gilashi ya haɗa masa irinsa, ya cika da ruwan famfo, ya zuba kifi a ranar, sau da yawa kafin sati ya zagayo sai ya tarar da su sun taso ciki sama. Kuɗi sun tafi, yara na kuka, a ce kifi ba ya zama a gida. Alhali yana zama, in an bi ƙa'idarsa.

Gargaza, wadda wasu ke kira karfasa, masu Faransanci kuma ke ce mata «carpe» a kasuwa, tana cikin wani babban dangin kifi da masana ke kira sikilid. Dangin yana da nau'i fiye da 1,500, mafi yawansu a Afirka. Tabkin Malawi kaɗai yana da ɗaruruwan nau'i da ba a samun su ko'ina a duniya, masu launin shuɗi da rawaya da ake sayarwa da tsada a shagunan Turai da Amurka. Akwai kuma na kusa da gida: wani ɗan ƙarami mai jan ciki da ake kira kribensis asalinsa kudancin Najeriya ne, sai jan kifin nan mai ɗigo-ɗigo kamar an yayyafa masa duwatsun ado, Hemichromis, da ke rayuwa a kogunan Afirka ta Yamma. Ga mutumin Galma, wanda ya fi sauƙin samu kuma ya fi jure kuskuren ɗan koyo shi ne gargazar da masunta ke kamawa, Oreochromis niloticus. Ba ta kai na Malawi kyau ba, amma tana gane mai ba ta abinci, tana haƙa rami, tana renon ƴaƴa, kuma in ta yi wa gilashi girma tukunya na jiranta.

Girman mazubi shi ne farkon lissafi. Akwati mai tsawon mita 1, faɗin santimita 40 da tsayin santimita 50 yana cin lita 200, wato bidon takwas na lita 25. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, saboda haka da yashi da duwatsu da gilashin kansa nauyin ya haura kilo 250. Teburin shayi ba zai ɗauka ba. Sai dakali na siminti ko ƙafar ƙarfe da maƙeri ya haɗa, kuma saman ya zama daidai ba karkata, a shimfiɗa soso ko roba a ƙarƙashi. Kaurin gilashi kada ya gaza milimita 8. A haɗa shi da silikon zalla, domin wanda aka yi don banɗaki yana ɗauke da maganin hana fumfuna, shi kuwa guba ne ga kifi. Wanda bai damu da kallon kifi ta gefe ba, tankin roba na lita 1,000 da aka yanke samansa ko ɗan kwamin siminti a tsakar gida sun fi arha. Sabon siminti yana sakin ƙarfinsa cikin ruwa, don haka a cika a bar shi kwanaki, a zubar, a maimaita sau uku ko huɗu. Tanon da ya taɓa ɗaukar man fetur ko maganin ƙwarin gona ba a wanke shi ya koma gidan kifi, ko da an yi masa wanki bakwai.

Ruwan famfo na birni ana sa masa kulorin don kashe ƙwayoyin cuta, haka ma ruwan da aka jefa wa Aquatabs ko aka ɗiga wa jabel a gida. Abin da ke kare ɗan Adam daga kwalara shi ne ke ƙona jan naman da ke ƙarƙashin kunnen kifi, wanda da shi yake numfashi. A tara ruwan a baho buɗe ya kwana ɗaya ko biyu kafin a zuba. Ruwan rijiya ba shi da wannan matsala. Ƙasar Adar tana da dutsen farar ƙasa da yawa, irin wanda masana'antar siminti ta Malbaza ke haƙa, shi ya sa a wasu garuruwa sabulu ba ya kumfa sosai kuma buta ke yin farin ɓawo a ciki. Wannan ruwa mai nauyi gargaza na zaune lafiya a cikinsa, kifin Malawi ma irinsa yake so. Mai son sanin dutsen da ya tsinto ya ɗiga masa ruwan lemun tsami: in ya yi kumfa, na farar ƙasa ne.

Inda mafi yawan mutane ke faɗuwa shi ne wajen haƙuri. Kifi yana fitar da wani guba mai suna amoniya ta numfashinsa da kashinsa, ragowar abinci ma in ta ruɓe shi take bayarwa. A tabki ruwa ya yi yawa, ga laka, ga ciyawa, gubar ba ta taruwa. A cikin lita 200 kuwa kwana kaɗan ya isa. Masu raba kifi da wannan guba wasu ƙwayoyin bakteriya ne da ido ba ya gani, waɗanda ke zama a jikin yashi, duwatsu da soson matatar ruwa. Kashi na farko suna mai da amoniya zuwa nitirit, wanda shi ma guba ne domin yana hana jinin kifi ɗaukar iska. Kashi na biyu suna mai da nitirit zuwa nitirat, wanda ba ya cutarwa sai ya taru da yawa. Sabon akwati ba shi da ko ɗaya daga cikinsu, kuma kafin su hayayyafa su isa aiki ana ɗaukar sati huɗu zuwa shida. Ruwan zai iya zama garau kamar a sha, amma yana kisa.

Saboda haka a cika akwatin, a kunna matata da ɗan injin iska, a riƙa jefa ɗan tsunkulen abincin kifi duk bayan kwana biyu ba tare da kifi ko ɗaya a ciki ba, a bar shi wata guda. Maƙwabta za su yi dariyar mai kiwon ruwa, a ƙyale su. Mai aboki da ya riga ya daɗe da kiwo na iya roƙon tsohon soso ko hannu biyu na yashi daga nasa, wannan yana rage kwanakin jira, kamar yadda mai nono ke zuba tsohon kindirmo a sabuwar madara. Bayan an kafu kuma, ba a wanke soson matata da sabulu ko ruwan famfo. A matse shi a cikin ruwan da aka ɗebo daga akwatin a mayar. Mai tsafta da yawa, wanda ke kwashe kifi duk Juma'a ya goge komai tas, yana kashe ma'aikatansa ne da hannunsa ya koma ranar farko.

Ƴaƴan kifin a nemi masu tsawon yatsa, daga masunta ko masu ƙyanƙyasa. Ma'aikatan gandun daji, waɗanda sha'anin kamun kifi ke hannunsu, sun san inda ake samu. A ɗauko su da sassafe, ba a ba su abinci ba tun jiya, cikin bidon da bai cika ba, a rufe da jiƙaƙƙen buhu. In an iso kada a juye su kai tsaye: a riƙa ƙara musu ruwan akwatin kofi-kofi na rabin awa, sannan a kamo su da raga a saka, a zubar da ruwan hanya. Biyar ko shida sun isa farawa. Gargaza tana wuce santimita 30 in ta samu wuri, kuma idan suka kai tafin hannu uku ma sun cika lita 200.

Dangin sikilid masu faɗa ne a kan fili. Namiji yakan zaɓi kusurwa ya haƙa rami a yashi da bakinsa, ya kori duk wanda ya matso, har ya yayyage wa rarrauna wutsiya. Maganin shi ne a raba ɗakin: duwatsu, fasassun tukwanen ƙasa da guntayen tulu, yadda wanda aka kora zai samu inda zai ɓuya, kuma a ɗora duwatsun a kan gilashin ƙasa kafin a zuba yashi don kada haƙa ya rushe su. Namiji ɗaya da mata uku ya fi maza biyu zaman lafiya. Wata rana za a ga wata mace ta daina ci, maƙogwaronta ya kumbura, tana laɓewa. Ba ciwo ba ne. Ƙwai ne ta kwashe a bakinta, su ƙyanƙyashe a ciki, ta ci gaba da riƙe su, kusan sati biyu duka tana azumi, kuma bayan ta sake su, da sun ji motsi sai su ruga su koma bakin uwa. Yaran gida ba sa manta ranar da suka ga wannan. Amma gargaza tana soma haihuwa tun tana wata biyar ko shida, kuma ba ta jinkiri, har wuri ya cika da ƙanana da ba sa girma. Masu kiwon sayarwa shi ya sa suke ware maza zalla.

Abinci ba wuya: dusa da garin ƙuli-ƙuli a kwaɓa a busar, ganyen zogale, gara ko tana jefi-jefi. Sau biyu a rana, abin da za su cinye cikin minti uku. Kifin gida da yunwa ta kashe kaɗan ne, wanda ƙoshi ya kashe ba ya ƙirguwa.

Yanayin Adar yana gwada mai kiwo sau biyu a shekara. Gargaza ta fi jin daɗi tsakanin digiri 27 zuwa 30. A Afrilu da Mayu, lokacin da zafin rana ke haura 40, ɗakin kwano na iya dafa ƙaramin akwati, kuma ruwa yana rage riƙe iska gwargwadon zafinsa: a digiri 20 lita ɗaya na riƙe kusan miligiram 9 na oksijin, a 35 kuwa kusan 7, daidai lokacin da jikin kifi ke buƙatar ƙari. A nan ne ɗaukewar wuta ke zama mutuwa. Mutanen jihar Tawa ba su manta watannin da suka biyo bayan Agustan 2023 ba, sa'ad da Najeriya ta yanke wutar da take bai wa Nijar, ba ta maido ba sai Maris 2024. Injin iska bai fi wat 5 yake ci ba, ƙaramin farantin hasken rana da batir sun riƙe shi dare da rana, kuma sayen su ya fi sayen fitila mai launi amfani nesa ba kusa ba. In komai ya tsaya aka ga kifi sun taso suna haɗiyar iska a saman ruwa, a ɗebi ruwan da kofi a riƙa kwararo shi daga sama, a kuma dakatar da abinci. A Disamba da Janairu abin ya juya: sanyin asuba na sa gargaza ta daina ci, kuma in ruwa ya sauka zuwa digiri 11 ko 12 tana mutuwa. Tankin tsakar gida a rufe shi da tabarma ko leda da dare. Murfi dai wajibi ne a kowane lokaci, domin kifin na tsalle, kyanwa na leƙe, kuma buɗaɗɗen kwami hatsari ne ga yaro mai rarrafe.

Duk sati a zuƙe kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan da tiyo daga ƙasa, inda datti ke kwanciya, a mayar da wanda ya kwana. Bidon biyu ke nan ga akwatin lita 200. A garin da mata ke layi a bakin rijiya wannan ba ƙaramin abu ba ne, sai dai ruwan da aka cire taki ne, zogale da tumatir na gida na murna da shi.

Wanda ya sayo kifin ado daga Kano ko Yamai ya gaji da shi, kada ya kai shi tabki da sunan tausayi. Giwan ruwa ɗan gida ne a kogin Kwara, amma da aka zuba shi a tabkin Biktoriya na gabashin Afirka a shekarun 1950, zuwa shekarun 1980 ya haɗiye ƙananan sikilid na wurin, har masana na ƙiyasta cewa nau'i kusan 200 sun ɓace. Tabkunan Keita da Tabalak ƙanana ne idan aka kwatanta, kuma baƙon kifi ko cutar da ya ɗauko in sun shiga babu komar da za ta tsamo su. A bai wa wani mai akwati, ko a mayar wa mai shagon.