Labarin damina tun ba ta faɗi ba

Da zarar bazara ta kama, zancen 'yan kasuwar Dole a Damagaram da na Maraɗi ɗaya ne: a riƙe hatsi ko a fitar? Mu da ke karanta labarin meteyo a radiyo mun san rabin amsar tana Yamai. Cibiyar AGRHYMET, da aka kafa a 1974 bayan babban fari, kowace shekara takan tara masana kafin shuka su yi hasashen damina: ruwa zai yi yawa, zai makara, ko zai ɗauke bayan an yi shuka.

A 2024 sun ce ruwa zai wuce na kullum. Haka kuwa aka yi: ambaliya ta ci gidaje a Maraɗi, tsohon masallacin Damagaram ya rushe a Satumba.

Takardar tana intanet, kyauta, sai dai da Faransanci, abin da ke ba mu haushi ke nan. Hajiya, sa ɗanki na lakwal ya buɗe ta a salula ya fassara miki. Ba za ta faɗi ranar ruwa a garinku ba, amma za ki san ko ki ɗaga buhunan wake daga ƙasa tun da wuri.