Tokguk: Romon shinkafar da ke ƙara wa 'yan Koriya shekara

A ƙasar Koriya, idan dattijo yana son sanin shekarun yaro cikin raha, yakan tambaye shi: "Kwano nawa na tokguk ka sha?" Dalili kuwa shi ne sau ɗaya ake shan wannan romo da sunan shekara, wato safiyar Solal, ranar farko ta sabuwar shekararsu ta lissafin wata, wadda ke faɗowa tsakanin ƙarshen Janairu da tsakiyar Fabrairu. A Koriya ta Kudu hutun kwana uku ake yi, kowa ya nufi gidan iyaye.

A tsohon lissafinsu, jariri na da shekara ɗaya ranar da aka haife shi, kuma kowa na ƙara shekara ne tare da shigowar sabuwar shekara. A watan Yunin 2023 gwamnati ta koma lissafin ranar haihuwa a harkokin hukuma, amma al'adar kwanon tokguk tana nan daram.

Jigon abincin shi ne garetok, wani dogon mulmulen shinkafa fari fat. Ana jiƙa shinkafa, a niƙa, a turara garin, sannan a kirɓa shi a murza ya yi tsawo kamar sanda. Idan ya kwana ya ɗan yi tauri, sai a yanka shi a karkace, falle-falle. Tsawonsa fatan tsawon rai ne, farinsa alamar shiga shekara da tsarki, yankakkun kuma sun yi kama da tsabar kuɗin da, shi ya sa ake danganta su da arziki. A garin Kesong kuwa, ƙanana ake yi masu siffar gora.

A da, da naman wani tsuntsun daji dangin kaza ake yin romon. Da yake samunsa na da wuya, sai a yanka kaza, har abin ya zama karin magana a wurinsu: in babu tsuntsun, kaza ma ta yi. Yau naman ƙirjin sa aka fi amfani da shi, wasu kuma busassun ƙananan kifaye.

Don mutum huɗu, ana tafasa nama giram 300 a ruwa lita biyu da albasa da tafarnuwa, a riƙa kwashe kumfa, na kimanin awa ɗaya. Sai a tsame naman a yayyaga shi, a tace romon. Kafin nan an jiƙa yankakken garetok rabin kilo a ruwan sanyi na minti ashirin zuwa talatin. Romo na tafasa a zuba shi, a sa gishiri da ɗan ruwan ɗanɗano na waken suya. Da zarar yankakkun sun taso sama sun yi laushi, an gama. Idan aka bar su kan wuta za su narke, romon ya yi kauri. Ana soya ƙwaiduwa daban, farin ƙwai daban, a yanka siri-siri a ɗora a kai tare da naman, lawashin albasa da gasasshen ganyen teku.

Kafin a zauna ci, yara kan durƙusa su gaida manya har ƙasa, manya su sa musu albarka su ba su kuɗi.

Ga mai son gwadawa, akwai abin lura. Garetok shinkafa ce zalla da aka danne, don haka mai ciwon suga ya rage yawansa, ya ƙara nama da ganye. Mai hawan jini kuma ya sassauta gishiri, domin ruwan waken suya kansa gishiri ne. Sannan abu ne mai danƙo da ke iya maƙalewa a maƙogwaro, musamman ga ƙananan yara da tsofaffin da haƙoransu suka zube. A yanka musu ƙanana, a dafa ya yi laushi sosai, kuma kada a bar su su ci su kaɗai.

Musulmin da ya ci karo da shi a gidan abincin 'yan Koriya ya tambaya tukuna: wasu na jefa mandu a ciki, wani ƙullin fulawa da galibi ake cusa wa naman alade.